Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zana Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska a Kwamfuta

Jirgin ruwan da iska ke turawa yana daga cikin abubuwan da masu zane da kwamfuta ke sha'awa, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi kuskurewa, domin jigonsa, wato sandar da ke tsaye tana ɗauke da yadi, da yadinsa da igiyoyinsa duk an tsara su ne bisa aikin da kowanne yake yi, kuma wanda ya san jirgi yana gane kuskure da kallo ɗaya. Mafi yawan kurakuran suna faruwa ne tun kafin a buɗe manhaja, lokacin da mai zane bai tsayar da inda iska ke fitowa ba.

A zane da yawa za ka ga babban yadi ya kumbura zuwa dama, ƙaramin yadin goshi ya kumbura zuwa hagu, tutar da ke kan jigo kuma tana kaɗawa baya kamar ta jirgi mai inji, alhali iska ɗaya ce ke busa su duka. Gyaran shi ne a fara da kibiya guda a wani falle na daban mai nuna hanyar iska, sannan a auna komai da ita. Yaduka su kumbura zuwa ɓangaren da iska ta nufa, jirgi ya karkata zuwa wannan ɓangaren, ƙananan raƙuman ruwa ma su bi ta. Idan iska tana tahowa daga bayan jirgi, tuta gaba take nufa, tunda iskar ta fi jirgin sauri. Haka kuma jirgi ba ya fuskantar iska kai tsaye yadinsa na cike. Jiragen zamani masu yadi mai kusurwa uku suna iya matsawa har kusan digiri 45 daga inda iska ke fitowa, manyan jiragen da masu yaduka a gicciye kuwa ba sa wuce kusan digiri 65 zuwa 70.

Siffar yadin ita ce ta fi cin lokaci, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar a ɓata mata shi. Wasu suna zana shi a shimfiɗe ba lanƙwasa ko kaɗan, wasu kuma suna kumbura shi fiye da kima. Yadin da ke aiki yana da zurfin da bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na faɗinsa ba, kuma wurin da ya fi zurfi yana ɗan gaba da tsakiya, wajen kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari daga gefen da ke fuskantar iska. Bayan haka yana murɗewa, wato samansa ya fi ƙasansa buɗewa, saboda iskar sama ta fi ta kusa da ruwa ƙarfi. Mai aiki da manhajar zanen 3D ta Blender sau da yawa yakan ɗaure kusurwoyi uku kawai, ya kunna kwaikwayon motsin yadi, ya sa iska, sai abin ya fito a kumbure da tamoji ko'ina. Abin da ya dace shi ne a ɗaure gefen gaba baki ɗaya a jikin jigo ko a jikin wayar goshi mai riƙe jigo, a ƙara taurin yadin sosai domin yadin jirgi ba ya miƙewa yadda tufafi ke yi, sannan a rage ƙarfin iskar. Idan hoto ɗaya ake so ba mai motsi ba, ya fi sauƙi a ja layuka masu lanƙwasa na Bézier guda uku ko huɗu a tsayi daban-daban, kowanne ya ɗan fi na ƙasa da shi buɗewa, sannan a haɗa su su zama fuska ɗaya.

Igiyoyi kashi biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne babba. Akwai masu riƙe jigo, ɗaya zuwa goshi, ɗaya zuwa baya, wasu zuwa gefuna biyu, waɗannan a miƙe suke sak kuma a jiragen zamani yawanci wayar ƙarfe ce. Akwai kuma masu aiki, waɗanda ake ɗaga yadi da su ko a janyo shi a sassauta. Yadin goshi yana da igiya biyu, amma ɗaya ce kaɗai ke ɗauke da nauyi a lokaci guda, wato ta ɓangaren da iska ta nufa, ɗayar kuma tana kwance a sake. Kafin a bar kowace igiya a zane, ya kamata a iya faɗin inda ta fara da inda ta ƙare da abin da take ja. Wadda ba ta da amsa a goge ta, ko da tana ƙara wa hoton kyau. A zane mai fuska uku (3D) kuma a juya sandar ƙasan yadi daga wannan gefe zuwa wancan a duba, domin sau da yawa takan ratsa ta cikin wayar baya ba tare da mai zane ya lura ba.

Kaurin igiya ma yana da lissafi. Idan jirgi mai tsawon mita 10 ya cika hoto mai faɗin fiksel 1,000, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoto, kowane fiksel santimita ɗaya ne, saboda haka waya mai kaurin milimita 6 ba ta kai fiksel guda ba, sai ta fito a yanke-yanke ko ta riƙa ƙyaftawa a bidiyo. Ana magance wannan da fitar da hoton da girma ninki biyu sannan a rage shi, ko a ɗan ƙara kaurin dukkan igiyoyi da ma'auni ɗaya, yadda wayar jigo ba za ta fi igiyar anga kauri ba.

Sai cakuɗa nau'o'i. Jirgi mai jigo biyu da ake kira kec yana da ƙaramin jigonsa a baya, amma gaban sandar allon da ake juya jirgi da shi. A wanda ake kira yol ƙaramin jigon yana bayan wannan sanda kuma ya fi ƙanƙanta, a wanda ake kira sukuna kuwa jigon gaba ne gajere ko su yi daidai. Jirgin dau na gaɓar Lamu da Zanzibar da Bahar Maliya, wanda irinsa ne ya riƙa tsallakar da alhazan Afirka ta Yamma daga Sawakin zuwa Jidda, yana da gajeren jigo mai karkata gaba da wata doguwar sanda a jirkice wadda tsawonta kan kusan kai na jirgin, kuma yadin a jikinta yake rataye. Ɗora masa dogon jigo a miƙe da yadin Bamuda, wato yadin zamani mai kusurwa uku, ya mayar da shi wani jirgi daban. Jirgin jank na ƙasar Sin yana da sanduna da suka ratsa yadinsa daga gefe zuwa gefe, kuma daga ƙarshensu ƙananan igiyoyi ke gangarowa baya, abin da masu zane da yawa ke mantawa. Zamani ma a kula da shi. Jirgin Cutty Sark, wanda aka ƙera a 1869 kuma yake ajiye a Greenwich ta birnin Landan, yadin zare na gargajiya ya yi aiki da shi, domin yadin roba mai sheƙi bai yaɗu ba sai a shekarun 1950. Hanya mafi aminci ita ce a nemi taswirar yadukan ainihin jirgin, wadda ke nuna shi daga gefe, a shigar da ita manhaja, a mayar da kyamara yanayin da ba ya ƙanƙantar da abin da ke nesa, sannan a bi ma'auninta.

Wani kuskuren da ake saurin gyarawa shi ne barin jirgi a saman ruwa kamar ƙwarya a tafki. A nutsar da shi har layin ruwansa, a sa kumfa a goshi da sawu a baya daidai da saurin da yadinsa ke nunawa.

Idan zanen na koyarwa ne, mai sunayen sassa, a yi shi a manhajar Inkscape ko makamanciyarta a ajiye shi a tsarin fayil na SVG, domin tsarin JPEG yana dagula siraran layuka da ƙananan haruffa. A ware gangar jirgi da jigo da yaduka da igiyoyi da rubutu, kowanne a fallensa, a bai wa igiyoyin riƙe jigo launi ɗaya da na aiki wani launi, ta yadda gangar jirgi guda za ta isa a nuna nau'o'i da yawa a ma'auni ɗaya, a kuma iya sauya harshen rubutun ba tare da taɓa zanen ba.