Yadda ake bin sawun manomi Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka

A ƙarni na 19 Jamusawa kimanin miliyan biyar suka tsallaka teku zuwa Amurka. A shekarar 1882 kaɗai sun kai wajen dubu 250. Da yawansu manoma ne da ƙasa ta yi wa kaɗan: a kudu maso yammacin Jamus ana ta raba gonar gado har ta koma ɗan tsirit, a wasu sassan arewa kuma ɗa guda ke cinye gonar, sauran su kama gabansu. Suka bazu a Wisconsin da Missouri da Ohio da Texas. Mai son gano tarihin ɗaya daga cikinsu, abu guda yake farauta kafin komai: sunan ƙauyen da mutumin ya fito. Jamus ba ta da wani babban kundi da ya tattara sunayen mutanen wancan zamani, kowane ƙauye da littafin cocinsa. In ba ka da sunan ƙauye, lalube kake cikin duhu. Saboda haka daga Amurka ake farawa, a bi sawu da baya da baya.

Mataki na 1: Fara da gida

Zauna da tsofaffin dangi ka rubuta abin da suka ce, ko da bai yi kama da gaskiya ba. Duba tsohon Baibul na iyali, don a shafukan farko suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Juya bayan hotuna, karanta wasiƙu, je maƙabarta. Wani dutsen kabarin da Jamusanci aka rubuta shi, har da garin haihuwa.

Mataki na 2: Ƙidayar jama'a

Amurka na ƙidaya duk shekara goma, ana kuma sakin takardun bayan shekara 72. Ta 1950 ta fito a 2022, daga ita za ka fara, ka yi ta komawa baya. Shafin intanet na binciken tarihin dangi mai suna FamilySearch na da su kyauta. Ta 1900 tana da daraja ƙwarai, domin ta tambayi shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Ta 1890 kuwa kada ka wahalar da kanka, gobarar 1921 ta lalata kusan dukkanta. Ta 1850 ce ta fara kawo sunan kowa a gida da inda aka haife shi.

Lura da abin da aka rubuta a wurin haihuwa. Kafin 1871 babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus, don haka za ka ga Prussia, Bavaria, Hanover, Baden ko Mecklenburg. Wannan ma ci gaba ne. Kuma ka rubuta sunayen maƙwabta, sau da yawa 'yan ƙauye ɗaya ne suka bi juna.

Mataki na 3: Shiga gonar

Nan ne mutumin ke tashi daga suna a takarda ya zama mai rai, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Daga 1850 zuwa 1880, ban da ƙidayar mutane akwai ta gonaki. Layi ɗaya ne ga kowane manomi, amma layin ya ƙunshi komai: eka nawa ya share, eka nawa ke daji, kuɗin gonar, kuɗin kayan aiki, dawakai, shanun huɗa, shanun tatsa, tumaki, aladu, yawan alkama da masara da dankalin da ya girbe, har man shanun da gidan ya kaɗa a shekara. Ɗauki layinsa na 1860 ka ajiye kusa da na 1870. In shanun huɗa sun ɓace dawakai sun bayyana, dajin ya ragu, ka ga shekara goma ta saran itace da tumɓuke kututture ba tare da wani ya ba ka labari ba.

Sai batun yadda ya samu filin. Dokar Homestead ta 1862 ta ba da eka 160, wato kusan hekta 65, ga wanda zai zauna ya noma shekara biyar, da ɗan kuɗin rajista. Baƙo ma na iya nema muddin ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa. Takardar mallakar tana shafin intanet na hukumar filaye ta Amurka, amma cikakken fayil ɗin yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Washington. Shi ya kamata ka nema. A ciki maƙwabta biyu ke ba da shaida, ana faɗin girman ɗakin da ya gina, ko ya haƙa rijiya, da abin da ya shuka. In kuwa saye ya yi, ofishin gunduma ne ke da takardar cinikin, da ta rabon gado, wadda wani lokaci takan lissafa har garma da tukwane.

Mataki na 4: Takardar zama ɗan ƙasa da ta jirgi

Kafin 1906 kowace kotu na ba da takardar zama ɗan ƙasa, kuma galibi ba ta wuce cewa mutumin ya janye mubaya'arsa ga Sarkin Prussia ba. Bayan 1906 ne aka fara rubuta garin haihuwa da sunan jirgi.

Jerin fasinjoji kuwa, in manominka ya sauka a Niyok tsakanin 1855 da 1890, ta tashar karɓar baƙi ta Castle Garden ya shigo, ta Ellis Island sai 1892 aka buɗe ta. Kada ka manta da tashoshin jiragen ruwa na Baltimore da New Orleans da Galveston. Wanda ya taso ta tashar jiragen ruwa ta Hamburg a Jamus ya yi wa jikokinsa gata, don jerin Hamburg na 1850 zuwa 1934 yana nan, da sunan garin da mutum ya baro. Na Bremen yawancinsa ya salwanta.

Wata magana a gefe: labarin nan da ake yawan ji, wai jami'an Ellis Island ne suka canza wa mutane suna, ba shi da tushe. Daga baya ne Müller ya koma Miller, Schmidt ya koma Smith, musamman bayan 1917 da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, jin Jamusanci a bakin mutum ya zama abin zargi. Nemi sunan ta kowace fuska da magatakarda zai iya rubuta shi.

Mataki na 5: Cocin da ya yi ibada a Amurka

A ganina nan ne aka fi dacewa. Limamin cocin Lutheran ko Katolika a irin waɗannan ƙauyuka shi ma Bajamushe ne, ya san bambancin garuruwa, kuma a rajistar aure ko ta jana'iza yakan rubuta ainihin wurin haihuwa. Jaridun Jamusanci na yankin su ma sukan faɗa a sanarwar mutuwa.

Mataki na 6: Tsallaka

Suna ya samu, to wanne ne? Ƙauyuka da dama na amsa suna ɗaya. Kundin garuruwa na Meyers, wanda ke kan intanet, zai nuna maka gunduma da inda coci yake. Kana iya tarar da ƙauyen yanzu a Folan yake da wani suna dabam, in daga Pomerania ko Silesia ko Posen ne. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta game Jamus ne a 1876, kafin nan littafin coci ne madogara. A intanet, shafin Archion na da na Furotesta, da biya, shafin Matricula na da na Katolika kyauta.

Abu biyu za su ba ka ciwon kai. Na farko tsohon rubutun hannu da ake kira Kurrent, inda harafin e ke kama da n. Sami jadawalin haruffan ka ajiye a gefe, ka fara da kalmomi uku: geboren, an haifa, getauft, an yi baftisma, gestorben, ya mutu. Na biyu suna. A gida ɗaya kana iya samun 'ya'ya maza uku duk Johann, sunan na biyu ne ake kiran kowanne da shi. Kada ka rungumi Johann na farko da ka gani. Gwada ranar haihuwarsa da ta kan dutsen kabari, ka duba sunan uwa, sannan ka bi rajistar mutuwa ta cocin shekara bayan shekara. In yaron ya rasu yana ɗan shekara biyu a ƙauyen, ba shi ne ya yi noma a Wisconsin ba.