Kurakuran da Masu Fara Katun na Mutum-mutumi da Gurɓatar Muhalli Suka Fi Yi

Na gaji da duba gajerun fina-finan katun da matasa ke kawo mini, domin kusan dukansu rami ɗaya suke faɗawa, kuma ni ma na taɓa kwana a cikinsa. Ramin shi ne mayar da mutum-mutumi mai wa'azi. Sai a zana duniyar da shara ta binne, a tsayar da shi a tsakiyar bola yana jero laifukan ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kallo bai ga bolar da idonsa ba.

A aikina na farko na ba nawa mutum-mutumin jawabin minti 3. Da yake hoto 24 ake buƙata a kowace daƙiƙa, sai da na daidaita motsin bakinsa da murya a hoto 4,320, aikin da ya cinye mini wata huɗu. Ranar da na nuna wa abokaina, jawabin bai kai rabi ba biyu daga cikinsu suka zaro waya. WALL-E kuwa, fim ɗin katun kan mutum-mutumi mai tattara shara wanda kamfanin Pixar ya fitar a 2008, ya yi kusan rabin sa'a na farko ba tare da wata hira ta kirki ba, kuma jarumin ko baki ba shi da shi. Daraktan, Andrew Stanton, daga abin hangen nesa ya samo siffar idanunsa, kuma da sunkuyar da idanun nan kaɗai ake gane kaɗaici ya ishe shi. Yanzu dabarata ita ce in kashe sauti gaba ɗaya in nuna wa ƙaramin yaro. Duk inda ya kasa gane abin da ke faruwa, zanen nake gyarawa, ba na ƙara magana.

Kuskure na biyu shi ne shara mai tsafta, wanda lalaci ne tsantsa. Kuna zana gwangwanin da aka ce ya shekara 700 a yashe yana ƙyalli kamar yau aka sauke shi daga kanti! Ku tashi daga gaban kwamfuta ku je juji ku tsaya. Ku ga yadda baƙar leda ke sarƙewa a ƙaya, yadda rana ke kashe launin roba har ta fara farfashewa, da yadda tsatsa ke fara cin ƙarfe daga mahaɗa kafin ta bazu. Ni ba na taɓa Blender, manhajar da nake haɗa katun da ita, sai na ɗauko hotuna masu yawa a can da wayata.

Kada a bar sauti sai ƙarshe. Ben Burtt, mai haɗa sautin fim wanda ya yi muryar R2-D2, mutum-mutumin fina-finan Star Wars, shi ya haɗa ta WALL-E, kuma rabin rayuwar jarumin a kunne take. A daina kwaikwayon siffar WALL-E ta akwati mai ƙafafun tankar yaƙi, an riga an yi shi. Kuma a riƙa adana aiki akai-akai a wuri biyu, domin ɗaukewar wuta ta taɓa haɗiye mini aikin dare guda.