Kana da asma kuma kana da ADHD? Ga yadda za ka lallaɓa su biyun

Mutane da yawa ba su san cewa asma da ADHD, wato matsalar nan ta kasa tattara hankali da yawan mantuwa da rashin zama wuri ɗaya, suna yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba. A 2018 mujallar Lancet Psychiatry ta buga binciken da ya duba mutane sama da miliyan 1.5 a Siwidin aka ga alaƙar tana nan da gaske. Ana danganta ta da gado, da kumburin cikin jiki, da kuma rashin barci, don wanda tari ya hana shi runtsawa ai da safe ba kai gare shi ba.

Amma ni a ganina inda matsalar take cizo shi ne mantuwa. Inhela mai shuɗi, salbutamol, ba ka manta ta saboda ƙirji na toshewa za ka neme ta da gudu, ita kuwa ta kullum mai hana tashin ciwon ba ka jin aikinta nan take, to ƙwaƙwalwar mai ADHD sai ta watsar da ita, sati biyu tana ƙasan jaka ba ka ma sani ba.

Saboda haka kar ka dogara da kanka. Ajiye inhelar kullum ɗin jikin buroshinka, ka shaƙa sannan ka goge baki, dama ana so a kuskure baki bayan shaƙar irin wannan. Sa alam a waya, kuma kar ka kashe shi sai inhelar na hannunka, in ba haka ba wallahi an wuce wurin. In mai lambar da ke ƙirga sauran shaƙa ce, kana ganin saura 20 ka nemo sabuwa.

Wajen likita ka zazzage masa duk magungunanka. Salbutamol na sa bugun zuciya da rawar hannu, maganin ADHD methylphenidate irin su Ritalin shi ma yana ɗaga bugun, gara ya san kana shan duka. Montelukast kuma, wani maganin asma da ake sha, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa masa babban gargaɗi a 2020 kan munanan mafarkai da sauyin hali, in ka ga haka ka faɗa da wuri.

Sai sigari, masu ADHD sun fi faɗawa cikinta, ga huhu dama a wahale. In kuma kana jawo mai shuɗin fiye da sau biyu a sati, asmar ba ta kwanta ba, koma a sake duba maganin.