Tarkon Buzuzu da Takardarsa

Darasi na 6: Wane ne buzuzu?

Sannunku da zuwa. Mu fara da kalmar, a faɗe ta da ƙarfi: bu-zu-zu. Gaɓa uku ce. Kowa ya san shi, ƙwaron nan da ke mulmula kashi yana turawa da ƙafafun baya, kansa a ƙasa. Amma ba kowane buzuzu ne ke mirgina kashi ba. Wani rami yake haƙawa a ƙarƙashin kashin ya ja shi ciki. Wani kuma a cikin kashin yake zama ya yi ƙwai. Irinsu a duniya sun haura 5,000.

Nan kusa da ƙauyen Yelwa, a kan tsaunin Mambilla cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, akwai kurmin Ngel Nyaki. Tun 1969 aka keɓe shi, kuma tudunsa ya wuce mita 1,400. Biri ya ci 'ya'yan itace a kurmin, ya yi kashi da iri a ciki. Buzuzu ya zo ya binne kashin har da irin, ɓera bai samu ya ci ba, damina ta zo ya tsiro. Ƙasa ta samu taki, ƙuda ya rasa wurin ƙyanƙyasa.

Kurmin kan dutse kamar tsibiri yake, ciyawa ta kewaye shi ko'ina. Buzuzun da ya saba da inuwa da sanyin kurmi ba ya jure ranar fili. A wasu tsaunukan Afirka ma akwai waɗanda ba sa iya tashi sam. Irin waɗannan, in kurminsu ya ƙone, ba su da wani gida a duniya. Shi ya sa ake ƙirga su, a san wanne ke ina.

Darasi na 7: Kafa tarko

Ga kayan aiki: kofin roba, ruwa, gishiri cokali ɗaya, garin sabulu kaɗan, ƙyalle, zare, kara, faranti, da ɗanyen kashin shanu na ranar. Busasshe ba ya kiran kowa.

Haƙa rami daidai girman kofin. Saka kofin, ka cike gefensa da ƙasa har bakinsa ya yi daidai da ƙasa. Shafa da tafin hannu. In ka ji bakin kofi ya tokare ka, ƙara zurfi. Zuba ruwan gishiri da sabulu zuwa rabi. Ƙulle kashin a ƙyalle kamar ƙullin goro, ka rataya a kara ya sauko saitin bakin kofin. Kifa faranti a sama kan tsinke huɗu saboda ruwan sama. Wari zai kira buzuzu, ya zo ya faɗa ciki.

Tarko ɗaya a cikin kurmi, ɗaya a bakin kurmi, ɗaya a fili inda shanu ke kiwo. Kowanne ya yi nisan taku 60 da ɗan'uwansa. A bar su kwana biyu.

Darasi na 8: Takarda

A nan mutane ke faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Kada kowa ya ji kunya, ko ni sai da aka gyara mini.

Kafin ka taɓa kofin, ɗauki fensir. Fensir na ce, ba biro ba. Takardar za ta shiga cikin kwalbar da za ka juye ƙwarin, cikin ruwan sifirit, kuma tawadar biro narkewa take yi. Rubutun fensir yana nan daram.

Yagi takarda kamar faɗin yatsa uku. Layi uku za ka rubuta. Na farko, wuri. Na biyu, kwanan wata. Na uku, lambar tarko. Duba:

Bakin kurmi
14-8-2024
Tarko 2

Kwanan wata yana farawa da rana, sai wata, sai shekara. 14 ita ce rana. 8 shi ne Agusta, wata na takwas. In ka manta lambar wata, ƙirga da yatsu daga Janairu. Ba laifi ba ne, Inna, yatsun naki ne. Shekara kuma lamba huɗu ce, a cika ta.

Yanzu kowa ya kwafa sau biyar. Madalla. Baba, K ɗin nan ta “kurmi” ta juya baya, bakinta dama ya kamata ya kalla. Sake. Ka ga ta yi kyau. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Sai ka tace ƙwarin da ƙyalle, ka juye a kwalba, ka zuba sifirit, ka jefa takarda ciki, ka rufe. Ba ka ɗaga ƙafa zuwa tarko na gaba sai takarda ta shiga. Mu maimaita: fensir, wuri, kwanan wata, lamba, cikin kwalba.

Bara wani dattijo ya kawo mini kwalabe uku cike maƙil, har da wani ƙaton buzuzu mai ƙaho. Na tambaye shi takarda, ya nuna goshinsa ya ce, “Malam, duk suna nan.” Na ce to wacce ce ta kurmi? Ya ɗaga wannan, ya ajiye, ya ɗaga waccan. Aikin kwana biyu da hawan dutse, haka muka zubar. Dalilin aikin duka shi ne a gane wanda ke kurmi kaɗai da wanda ke fili, kuma takarda ce ke faɗa.

Haba jama'a! Makon jiya ma mutum huɗu da biro suka rubuta, biyu kuma suka liƙa takardar a bayan kwalba ta faɗi a hanya. Sau nawa zan faɗa? Wanda ya ce zai rubuta in ya koma gida, ba zai rubuta ba, na san ku. A gindin tarko ake rubutawa, a tsugune.

Darasi na 9: Ƙirga

Juye kwalba ɗaya a tire, takardarta a gefe. Ware masu kama da juna wuri ɗaya. Ƙirga kowane tsibi ka rubuta a littafi. Kada ka buɗe ta biyu sai ka gama da ta farko.

Darasi na 10: Abin da ke korar su

Wutar da ake sa wa ciyawa da rani tana cin bakin kurmi. Shanu suna tattake ƙasa ta yi tauri. Farauta tana rage birai, kashi ya yi ƙaranci. Maganin tsutsar dabbobi mai suna ivermectin yana fita a kashi ya kashe 'ya'yan buzuzu. A Ngel Nyaki, inda aka killace ciyawa aka hana wuta da kiwo, buzuzu sun ƙaru.

Darasi na 11: Aikin gida

Kafa tarko uku. Kawo kwalabe ranar Laraba. Kwalbar da ba takarda a bar ta a gida.