Sunan da Ke Bin Bayan Naka: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gano Asalinsa

Duk wanda ya taɓa cike fom a banki ko a makaranta ya san gurbin nan na sunan iyali. A nan Bahaushe kan tsaya riƙe da biro yana tunani. Wannan ya sa sunan mahaifi, wancan ya sa na kaka, wani kuma sunan garinsu, har ka ga 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya kowa da abin da ya rubuta. Ba laifinsu ba ne. A al'adarmu babu wani suna guda da zuri'a ke gadonsa kaka da kakanni kamar yadda Turawa ke yi. Ana cewa wane ɗan wane, ko wane na gidan wane, ko wane na unguwa kaza, kuma hakan ya wadatar. Makarantar boko da takardun gwamnati ne suka zo da buƙatar suna na biyu, mu kuma muka cike gurbin da abin da ya sawwaƙa. Galibin kurakuran da ake yi daga manta wannan suke tasowa.

Na farko shi ne ɗaukar sunan gari a matsayin sunan dangi. Malam Aminu Kano ba ɗan wani mutum mai suna Kano ba ne, sunan mahaifinsa Malam Yusufu. Shehu Shagari ɗan Aliyu ne, Shagari kuwa garinsu ne a ƙasar Sakkwato. Tafawa Ɓalewa gari ne a ƙasar Bauci, mahaifin Sa Abubakar sunansa Yakubu. Sardauna kansa da Ahmadu Raba aka san shi a ƙuruciya, saboda a Raba aka haife shi. Bello ɗin sunan kakan mahaifinsa ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ɗalibai ne daga larduna daban-daban suka taru a Kwalejin Katsina da makarantun midil, aji ɗaya ya cika da Muhammadu da Abubakar, sai aka riƙa bambanta su da garuruwansu. Akwai kuma kunya: yaro ba ya son a riƙa kiran sunan mahaifinsa gatsau kullum da safe wajen kiran rajista. Abin bai tsaya nan ba. Kwankwaso, Ganduje, Wamakko, Bafarawa, duk sunayen garuruwa ne, 'Yar'aduwa kuma unguwa ce a birnin Katsina. Saboda haka in ka ga mutum biyu na amsa Rano ko Gumel ko Funtuwa, iyakar abin da ka sani shi ne gari ya haɗa su. Ka tambayi unguwa, sannan ka tambayi gida, kafin ka ce musu 'yan uwa.

Kusa da wannan akwai sarauta da muƙami. Waziri, Ciroma, Galadima, Magaji, Ma'aji, Liman, Alƙali. Dubi sunan Aminu Waziri Tambuwal: na farko sunan yanka, na biyu sarauta, na uku gari. Kuskuren shi ne zaton duk mai amsa Galadima jinin gidan sarauta ɗaya ne da kowane Galadima. Akwai Galadima a Kano, akwai a Katsina, akwai a Zazzau, akwai kuma a fadar hakimin ƙaramin gari. Sai ka san Galadiman ina, kuma a zamanin wane sarki, kafin sunan ya gaya maka wani abu.

Inda aka fi yin tuntuɓe, a ganina, shi ne laƙabi. Mutum ya dage yana neman kakansa Garba a bakin tsofaffi ko a tsohuwar takardar gona, alhali abin da aka rubuta Abubakar ne. Garba, Habu, Buba da Bukar duk Abubakar ne. Mamman Muhammadu ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru ne, Ado kuma Adamu. Wasu sunayen ma ba na yanka ba ne sam, lokacin haihuwa ko yanayinta suke nunawa. Ɗanladi, Ɗantala, Balarabe, Ɗanlami, Ɗanjuma da Ɗan'asabe ranakun mako ne. Tanko namijin da ya biyo bayan mata, Gambo mai bin tagwaye, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, Shekarau wanda ya daɗe a ciki. Babangida yaron da ya ci sunan kakansa ne, iyaye suka sakaya don ba za su iya faɗin sunan ba. Dikko da Sambo daga Fulatanci suke, ɗan fari da mai bi masa. Irin waɗannan sunaye a yau sun hau kan fasfo da katin banki sun zama na iyali, amma kowanne yana da sunan yanka a ƙarƙashinsa. Shi za ka nema. Tsofaffin mata sun fi kowa saninsa, su da suka shekara suna kauce wa faɗinsa. In kakarka ta ƙi furtawa, tambaye ta wane ne takwaransa a gidan, za ta nuna maka.

Wani sunan kuma labari ne na mutum ɗaya. Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, sunan mahaifinsa Abdullahi. Tata wata mata ce da ta raine shi, shi ne ake ce masa ɗan Tata, ga shi yau ya zama sunan babban gida. Muhammadu Buhari ɗan Hardo Adamu ne; Buhari ɗin nasa ne na kansa, sunan Imamu Buhari mai tattara hadisai aka sa masa, shi kuma malamin an jingina shi ne ga garin Bukhara da ke Uzbekistan ta yau. Wanda bai san haka ba sai ya ce zuri'ar daga can ta taso. Haka Tijjani, Jilani, Sanusi da Badamasi: ƙaunar malamai da waliyyai ce ta kawo su gidajenmu. Sunan Larabci a bayan sunanka ba hujja ba ce cewa kakanka Balarabe ne, ko da yake mutanenmu na da sha'awar jin an ce daga gabas suka zo.

Sai hukunta ƙabila ko addini daga suna. Janar Theophilus Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum, kuma Kirista. Yakubu Dogara, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, Basayi ne daga Bogoro. Hausa harshen kasuwa ce a faɗin Arewa, sunayenta sun shiga gidaje da yawa. A wani gefen kuma, a Saudiyya ne za ka ga asali ya zama sunan iyali na gaske: Hausawi, Fallata, Barnawi, jikokin alhazan da suka tafi a ƙafa suka zauna. Rayyana Barnawi, wadda ta je sararin samaniya a 2023, sunan Barno take ɗauke da shi. A nan gida mai neman asali sunan dangi ya kamata ya bi, wanda ba a rubutawa a fom: Sulluɓawa, Yolawa, Dambazawa, Joɓawa, Toronkawa, ko Agalawa da Tokarawa a cikin fatake. Tsagar fuskar tsofaffi, kirarin gida da sana'ar gado, ƙira ce ko jima ko rini ko fawa, sun fi sunan ƙarshe faɗin gaskiya.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi da lokaci shi ne na takardu. Yaro ya gama firamare da Sani Musa, ya rubuta WAEC da Sani Musa Bichi, ya yi BVN da Muhammad Sani Musa, NIN kuma ta fito da Musa Sani. Kwamfuta ba ta san Sani laƙabin Muhammadu na biyu ba ne, mutum huɗu take gani. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, don haka abin da ke kan NIN shi zai bi yaro har jami'a. Rubutun ma matsala ne: Muhammad, Mohammed, Muhammadu. Masu dangi a Maraɗi ko Damagaram sun san Yusufu a can Issoufou ne, Usman kuma Ousmane, saboda rubutun Faransanci. Gyaran tun daga takardar haihuwa yake farawa. Maigida ya zauna ya zaɓi suna guda, da rubutu guda, da jeri guda, ya rubuta a takarda ya ajiye, duk 'ya'yansa su bi shi. In an riga an sami saɓani, a ɗauki takardar da ta fi wuyar canzawa, galibi sakamakon jarrabawa, a daidaita sauran da ita, a yi takardar rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida in an buƙata. Kada a bar wa ma'aikacin shagon intanet ya cike fom da ka. A karanta harafi bayan harafi kafin ya tura.

Mata kuma su yi tunani kafin su sauke sunan mahaifi su ɗauki na miji. Ba al'adarmu ba ce, kuma malamai na kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa a jingina mutum ga ubansa. Ko ta fuskar takardu ma, wadda ta canza sai ta bi banki, wurin aiki da ofishin fasfo ɗaya bayan ɗaya, shaidar karatunta kuwa tana nan da tsohon suna.