Darasi na 7: Takardar Gini, Haɗarin Aiki da Asirans

Sannunku da ƙoƙari, ƴan uwa. Yau za mu yi maganar takardar da mai gida da magini suke rubutawa kafin a haƙa tushe. A nan Damagaram, daga Birni har Zango, rigimar gini yawanci daga "ai mun yi magana" take farawa. Magana tana tashi. Takarda tana zama.

Mataki na 1: abin da za a rubuta

Sunan mai gida. Sunan magini. Unguwa da lambar fili. Ɗaki nawa. Wa zai sayi siminti da ƙarfe da yashi. Ranar farawa da ranar gamawa. Sai kuɗi.

Ku lura da kuɗi. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da sefa take magana. Jika ɗaya ita ce 1.000 F. Jika 250 ita ce 250.000 F. Ƙirga sifirin da yatsa: huɗu ne. In ɗaya ya ɓace, aikinka ya koma jika 25.

Mataki na 2: kafin ka sa hannu

Nan ne kuke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Kada ka sa hannu sai an karanta maka. In da Faransanci aka rubuta, nemi wanda ka yarda da shi ya fassara maka layi layi. Ba wanda ya kawo takardar ba, naka mutum. Ba ka gane ba? Ce a sake. Babu kunya a ciki. Dangwala yatsa ma, kada ka yi sai an karanta maka.

An karanta? To, sa hannu, shaidu biyu su sa, a rubuta kwanan wata. Sannan ka karɓi kwafinka. Takarda biyu ake yi: ɗaya taka, ɗaya tasa.

Mu maimaita: a karanta maka, ka sa hannu, ka karɓi taka.

Haba jama'a! Makon jiya mun gwada wannan a aji, kusan kowa ya dangwala yatsa tun ban buɗe baki ba, wasu kuma suka tafi suka bar mini kwafinsu bisa tebur. Wannan sakaci ne. Ranar da za ka tsaya gaban alƙali, me za ka nuna masa? A karanta maka. Ka karɓi taka.

Mataki na 3: izinin gini

Kafin gini, kai takardar filinka ma'aikatar magajin gari, ka nemi izinin gini. Duk kuɗin da ka biya, karɓi rasit.

Mataki na 4: in lebura ya faɗo

Asibiti tukuna. Sannan ubangidan aikin ya sanar da CNSS, wato hukumar gwamnati mai kula da asusun ma'aikata, cikin awa 48. Ita ce ke ɗaukar nauyin magani ga ma'aikacin da aka yi wa rajista. Tambayi ubangidanka yau ko ya yi maka.

Mataki na 5: asirans

Wasu suna cewa inshora. Bisa dokar CIMA, wato dokar asirans ta wasu ƙasashen Afirka da Nijar ke bi, asirans ba ta fara aiki sai ka biya kuɗinta. Tambayi abin da ba ta biya. Ita ma a karanta maka kafin ka sa hannu.

Aikin gida

Rubuta jika 80 da sefa. Kawo gobe.