Yadda nake kula da Baba idan zafin bazara ya sauka a Gombe

Ni 'yar Jekadafari ce, sana'ata zoɓo da kunun aya, kuma mahaifina da ya haura shekara tamanin yana hannuna. A azumin 2024, wanda muka ɗauka ranar 11 ga Maris muka kai shi har cikin Afrilu, wata rana Baba ya dawo daga sallar Azahar ya zauna a zaure yana kiran mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa. Na dafa goshinsa, kamar murfin tukunyar da ke kan wuta, kuma ko ɗigon gumi babu. Na hau tofa masa addu'a, na aiki yaro ya sayo maganin zazzaɓi. Maƙwabciyarmu mai aikin jinya ce ta shigo ta ce, "Yaya, ajiye maganin nan. Kawo ruwa, a kira mai Keke."

Abin da ta koya mini ran nan shi nake so kowa ya riƙe. Idan zafi ya galabaitar da mutum, zai yi ta gumi, ga jiri, ga ciwon kai, ga tashin zuciya, amma yana cikin hankalinsa. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In rabin awa ta wuce bai warware ba, a tafi asibiti. Amma da zarar ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, to jikinsa ya kasa fitar da zafi ke nan, kuma ana iya rasa shi. Farasitamol ba ya maganin wannan, don ba zazzaɓin cuta ba ne.

Mun cire wa Baba babbar riga da hula, muka kwantar da shi kan tabarma. Ita tana kwarara masa ruwan randa daga kai har ƙafa, ni ina fifita da mafici biyu. Muka jiƙa tsumma muka sa a wuya, da hammata, da matsematsi. A cikin Keken ma ba mu daina ba har muka isa asibiti. Na kai kofi bakinsa ta riƙe hannuna: wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa, sai ya ƙware. Allah ya yi da sauran kwanansa.

In zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, kada a ce zafi ne kawai. Lokacin sanƙarau ne kuma, asibiti kai tsaye.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar ni da ke. In na jira Baba ya nemi ruwa, sai ya wuni da kofi ɗaya. Don haka na ɗaure shan ruwansa da salla: kofi bayan kowace alwala, wani da hantsi, wani kafin ya kwanta. Ina kuma duba fitsarinsa, ba na jin kunyar faɗa. In ya yi duhu kamar shayi ko ya ragu, ruwa bai isa ba. Ranar da gumi ya yi yawa ko ya yi gudawa, nakan haɗa ruwan gishiri da sukari: ledar fiya wata biyu, wato lita ɗaya, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Wanda ya kwana ya wuni a zubar. Mai ciwon ƙoda ko zuciya, ko mai shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari, ya tambayi likita adadin da ya dace da shi. Kuma ko da yake ni ke sayar da zoɓo, gaskiya ita ce mai sukari da yawa ba ya maye gurbin ruwa. Kankana da kokwamba sun fi.

Ɗakinmu rufin kwano ne, wuta kuwa ba abin dogaro ba ce. Da hantsi nakan rufe tagar da rana ke duka, in rataya jiƙaƙƙen zane a wadda iska ke shigowa. A Maris da farkon Afrilu, da iska take a bushe, wannan na sanyaya ɗaki sosai. Idan hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi, amfaninsa na raguwa. Fanka a tsakiyar rana iska mai zafi kawai take hurawa, sai an shafa ruwa a jiki tukuna. Randa kuma na binne gindinta cikin yashi ina yayyafa masa ruwa. Bayan Magariba a buɗe ko'ina, a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro.

Daga sha biyu zuwa La'asar ba na aiken yara, cefane ma da sassafe nake yi. Jaririn da bai kai wata shida ba nono za a ƙara masa, ba ruwa ba, uwar ce za ta yi ta sha. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti biyar.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne azumi. Baba ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa sha ba. Na yi magana, yayyena sun yi, ya ƙi. Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba, nan ma shiru. Sai da na roƙi limamin unguwarmu ya zo ya zauna da shi bayan Isha'i, ya karanta masa ayoyin Baƙara da suka yi wa marar lafiya da wanda ba zai iya ba sauƙi. Baba ya yi hawaye, sannan ya yarda. In kina da tsoho irin nawa, kada ki tsaya ja-in-ja da shi, nemo wanda yake jin nauyinsa, kuma tun kafin a ga wata. Yanzu in azumi ya zo, kullum da yamma ni ke zuba abincin ciyarwarsa a kwano, shi kuma ya miƙa wa mabuƙaci da hannunsa a bakin zaure.